Ƙofa Guda Ta Ishe Ɗaki da Safe

Mahaifiyata ta tsufa, kuma hankalinta ya fara tafiya. Da sassafe kaɗai take gane ni. Hantsi na ɗagawa na zama baƙo. Shi ya sa wayata take kwana a kashe, ba na kunna ta sai Inna ta sha kununta. Abokai sun yi ƙorafi har sun gaji. Ni kuwa duk lokacin da aka ce, "Kai Idi, sai ka ce ba ka duniya," kakata nake tunawa.

A Filinge muka tashi, zamanin mulkin soja na farko, lokacin da unguwarmu kaf rediyon babana kaɗai ke magana. Da ɗari ya shigo, bayan sallar isha'i, Kaka kan hura wutar karan gero a ƙofar ɗakinta mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye, ba mai matsawa. Tsohuwa ce mai baki, wallahi. Ni take fara tsokana.

"Matso nan, mijina marowaci. Ko goro ba ka kawo mani ba, amma ka kwaso kunnuwa."

Akwai gatanar da ta fi maimaitawa, ta wata mata mai son labari. Matar nan ta ga ƙofa guda ba ta ishe ta jin abin da gari ke ciki ba, sai ta fasa wata wajen rijiya. Ta fasa wata wajen kasuwa, ta ƙara wata ta hanyar Damana don matafiya. Gari na wayewa sai ta kama gudu daga wannan ƙofa zuwa waccan: wa ya haihu, wa ya sai da raƙumi, wa aka yi wa sata. Iska kuwa ta samu hanya, kullum sai ta kashe garwashin da ya kwana cikin toka. Ɗiyanta suka gaji da jiran kunu, suka koma karyawa gidan maƙwabciya. Ran nan ƙaramin ya faɗi ya fasa gwiwa. Uwar ta buɗe hannu, yaro ya wuce ta da gudu yana kuka, ya faɗa jikin maƙwabciya yana kiran "Inna".

A nan Kaka takan gyara wuta. Sannan ta ɗaga murya yadda babana zai ji daga zaure:

"Ƙohwa guda ta ishe ɗaki da sahe. Mi sojojin ga sunka ce da ba shi jira a gaida mutanen gida?"

Mu dariya muke yi, don mun san da wa take. Babana na dawowa daga masallaci yake murɗa rediyo ya ji ko an kwana da sabuwar doka. A ƙarshe dai ta ci shi da yaƙi. Sai ya bi ɗaki-ɗaki, ya durƙusa ya tambayi kwananta, ya leƙa awaki, kana akwatin ya yi magana.

Yau a Yamai nake aiki, kuma wayar da ke aljihuna ta fi ɗakin matar nan ƙofofi. Zauren hira na wurin aiki, na waɗanda muka yi karatun lakwal tare, na 'yan Kurfai mazauna birni, kowa da sallamarsa tun asuba. Da Inna ta dawo hannuna na rufe su duka, na bar layin matata kawai da rana. Ba kyauta na samu hakan ba. An binne wani aminina a Sanam ban ji ba sai da aka watse, abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau yana yi. Da ina yaro na ɗauka gatanar Kaka zagin masu gulma ce. Ashe har labarin kirki yana iya cinye maka safiya.

Yau da safe na durƙusa gaban Inna na ce, "Ina kwana." Ta daɗe tana kallona, ta fi jiya daɗewa. Can ta ce, "Idi, ka rame." Muka yi hirar gero da ta mutanen da suka daɗe da rasuwa, ta sha kunu, na goge mata baki.

Da rana ta hau bango sai ta gyara lulluɓi, ta ce, "Malam, daga ina?"

Na ce, "Daga Filinge, Hajiya."

"To in ka koma ka gaishe mani da ɗana Idi. Yaron kirki ne. Kullum da sahe sai ya zo."