Tashoshin da Na Kafa wa Kwamfutocin Makarantarmu

Shekarun baya, ban daɗe da gama jami'a ba, na sami aikin kula da ɗakin kwamfuta a wata sakandaren coci da ke kan hanyar Kagoma, a gefen Kafanchan. Kwamfutocin goma sha biyu ne. Gaskiyar magana sha uku ne, amma ɗaya ba ta taɓa kamawa ba tun da na je, saboda haka ba na lissafa ta.

Wata Talata shugabar makarantar ta kira ni ofis. Ta ce ranar Litinin ɗaliban ajin ƙarshe za su fara gwajin jarrabawar shiga jami'a, wadda a kwamfuta ake rubuta ta. Yawancinsu daga ƙauyukan kewaye suke zuwa, wasu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba.

"Malam, in yaran nan ba su saba a nan ba, a zauren jarrabawa za su koyi danna kwamfuta," in ji ta. "Za ka iya, ko in nemo wani daga cikin gari?"

Na ce zan iya. Sai da na fito na fara lissafi.

Manhajar gwajin ba ta aiki sai an sabunta tsarin kowace kwamfuta. Akwai wata manhaja da ke wannan aikin: ita ke sauko da sababbin abubuwa daga intanet, ta girka su. Matsalar ita ce, a kowace kwamfuta tana cin minti hamsin da biyu. Modem ɗaya gare mu, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Janareta kuma awa biyu ake kunnawa a rana. Kwamfuta biyu ke nan a kullum, kwana shida, ni kuwa kwana uku nake da su, don ba a kunna janareta Asabar da Lahadi.

Kamar kowa a garin nan, netwok na ɗora wa laifi. Ranar Laraba na gama biyu. Ranar Alhamis na sayi doguwar waya, na ɗaura modem a kan gora, na zura ta taga, na tsaya riƙe da ita sai ka ce mai tsinko mangwaro. Hannuna ya yi tsami. Da aikin ya ƙare na duba agogo: minti hamsin da biyu cif.

A nan dattijon da ke riƙe da makullin janareta ya same ni. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, iyayensa daga gabas suka zo, shi kuma a gidajen reluwe na Kafanchan aka haife shi. Kowa Baba yake ce masa. Shi kuma Injiniya yake ce mini, ko da yake na sha yi masa bayani cewa kimiyyar kwamfuta na karanta.

"Injiniya, ka kama kifi?"

"Baba, netwok nake nema."

"Ka same shi?"

"Na samu, amma lokacin bai ragu ba."

Ya jawo benci ya zauna. "Jiya minti nawa?"

"Hamsin da biyu."

"Yau da sanda fa?"

"Hamsin da biyu."

"To netwok ɗin nan mutumin kirki ne. Tun da nake ban taɓa ganin ya zo daidai kwana biyu a jere ba." Ya yi dariya, sannan ya ce, "Lokacin da nake aiki a jirgi, in mun makara, fasinja direba suke zagi. Amma ni ina da takarda. Kowane tasha, ina rubuta lokacin da mun shiga, da lokacin da mun fita. In ka duba takarda, za ka ga jirgi yana gudu lafiya. A tasha ne lokaci yake mutuwa. Abin naka yana da tasha?"

Na buɗe baki zan ce masa kwamfuta ba jirgi ba ce, sai na tuna wani abu. Ban taɓa karanta rubutun da ke wucewa a allon ba, agogo kawai nake kallo.

Saura awa ɗaya da 'yan mintoci a kashe janareta. Na ajiye gorar, na ja layi a takarda, na kunna kwamfuta ta huɗu. Baba ya riƙe agogonsa, ni ina karanto abin da allon ke cewa, shi yana faɗin minti. Ga abin da muka samu. Minti tara na farko, manhajar tana gwada rumbunan intanet na ƙasashe daban-daban don ta zaɓi mafi sauri. Minti takwas tana ɗaukar kwafin tsarin kwamfutar kafin ta taɓa komai. Saukowar kanta, wadda na riƙe wa gora, minti bakwai. Girkawa, huɗu. Daga nan wani kwafin, minti takwas. A ƙarshe minti goma sha shida tana bin kowane fayil da ke cikin kwamfutar tana tabbatar da lafiyarsa.

Baba ya ɗaga takardar nesa da idonsa ya duba. "Tafiya minti sha ɗaya, tsayawa arba'in da ɗaya. Wane ne ya gina tashoshin nan?"

Na san amsar tun muna tsakiyar ƙirgen. Akwai wasu ƙananan ƙari da ake maƙala wa manhajar, ana kiransu fulogin, kowanne da aikin da yake sa ta yi kafin sabuntawa ko bayanta. A makona na farko, don tsoron kada wani abu ya lalace a hannuna, duk fulogin da na ga an ce yana ƙara tsaro sai da na saka shi, a kwamfuta goma sha biyu, ban tsallake ko ɗaya ba.

"Ni ne, Baba."

"Madalla. Ba sai mun je neman mai shi ba."

Ban cire su da ka ba, halina ba zai bar ni ba. Da yamma na zauna na karanta bayanin kowanne. Na gano manhajar da kanta tana tantance duk abin da ta sauko da shi kafin ta girka, ashe binciken minti goma sha shidan nan maimaici ne. Rumbu kuma na zaɓi ɗaya na tsayar. Kwafin tsari yana da amfani, saboda haka ban yar da shi ba, na raba shi da sabuntawa, na mayar da shi sau ɗaya a mako.

Ranar Juma'a saura takwas. Baba ya tayar da janareta ya zo ya zauna da agogonsa ba tare da na roƙe shi ba. Na kashe fulogin ukun a ta biyar, na danna. Minti goma sha ɗaya. Na buɗe manhajar gwaji, ta buɗe. Na rufe na sake buɗewa, don in tabbata.

"Injiniya, jirgi yana jira," in ji Baba.

Da muka kai ta ƙarshe, shugabar makaranta ta leƙo. Ta bi layin tana kallon allo goma sha biyu, kowanne da tambayar farko a kansa. Ta ce, "Ashe ba sai na aika cikin gari ba." Baba ya miƙe ya kashe janareta da saura minti goma sha tara, abin da ya ce bai taɓa yi ba tun da aka ba shi makullin.

Ranar Litinin na ga wata ɗaliba ta ɗaga linzami sama tana nuna allo da shi kamar rimot. Kafin ƙarshen makon ita ke gyara wa na kusa da ita. Da ba a gama aikin nan ba, a zauren jarrabawa za ta ɗaga shi.

Har yau ni mai yawan dubawa ne, ban warke ba, kuma ba na neman magani. Abin da ya canza shi ne, yanzu nakan auna taka-tsantsan ɗin kansa in ga nawa yake ci, da kuma wa ke jira a bayansa. Takardar nan tana cikin fayil ɗaya da shaidar digirina. A ƙasanta akwai rubutun Baba da jan biro, irin wanda yake yi a zamanin jirgi: an iso kafin lokaci.