Keke na Uku

Uwar Zare ta shekara talatin da ɗaya tana ɗinki a shago guda, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da takalma. Gajeruwar mace ce, ga faɗa, ga tsinin baki, amma duk layin babu mai hannunta. Kekunan ɗinki uku ne a shagon: nata, na babbar 'yarta, sai na uku can bakin taga, wanda matar ƙaninta ke takawa tun da ƙanin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Da keken nan take ci da su, da shi take kai su makaranta.

Kwatsam aka fito da sabon tsarin haraji. Wai mai keke biyu ƙaramin mai sana'a ne, mai uku kuwa kamfani, harajinsa ninki uku. Kai jama'a, kuma a shekarar da kuɗin dozin ɗin zare ba ya sayen rabi! Teloli suka shiga dabara. Wani ya sayar da keke, wani ya kai nasa gida ya lulluɓe da zanin gado, wasu suka koma rufe shago da rana tsaka, wai a kan me za su karya ƙugu, tunda abin da aka ƙara samu na hukuma ne.

Mijin Uwar Zare, tsohon direban babbar mota, ya zaunar da ita ya yi mata lissafi dalla-dalla. Ba ƙarya ya yi ba: in an cire haraji, keken na uku ba ya bar musu ko sisi. Ya ce a sayar kawai. Uwar Zare ta ji zafin maganar har cikin ranta, don ta san gaskiya ce, sai ta huce a kansa da faɗa kwana biyu.

Maganar ta kai kunnen matar ƙanin. Ranar da za a zo ƙirga kekuna ta riga kowa zuwa, ta cire wa keken bel, ta goge shi tas, ta naɗe almakashinta a ƙyalle. Da Uwar Zare ta iso, matar ta ce ba za ta zama wa Yaya kaya ba, za ta nemi wankau a gidaje.

Suna cikin haka mai haraji ya shigo da littafinsa. Mutumin kirki ne, ya ga yadda ake ciki. Ya rage murya ya ce keken da ba bel ai tarkace ne, yana iya rubuta biyu, muddin ba a sake taka shi ba.

Uwar Zare ta ɗauki bel ɗin, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta mayar da shi a gaban idonsa.

"Rubuta uku, ɗana," in ji ta. "Takardun kuɗin nan ku kuka buga abinku, kullum sai ƙara ramewa suke, ku zo ku karɓa. Amma ba za ku hana mace aiki a shagona ba."

Ya rubuta uku. Ta biya nan take, da kuɗin da ta daɗe tana tarawa don gyaran rufin ɗakinta, ta san kuwa bana ma ruwa zai zubo mata.

Matar ƙanin ta zauna ta ɗora ƙafa a kan keken, ta fara godiya, sai hawaye.

"Ke, matsa da fuskarki," in ji Uwar Zare. "Kada ki jiƙa wa mutane yadi."