Agogon Zafi a Dungu

Jama'a, yau an hana ni tada mota a Dungu!

Da safe makaniki ya ɗaura wa kamiyona, babbar motata, agogon zafin salansa, gudun kada turbon inji ya ƙone. Na tsaya da la'asar, na kashe inji. Wani dattijo da geronsa ke bushewa a gona saboda rashin ruwa ya leƙo.

"Ɗana, me agogon nan ke aunawa?"

"Zafi, Baba."

Muka zuba wa allurar ido, tana sauka kamar mai gyangyaɗi. Sai iska ta juya. Ƙamshin ƙasa! Ɗigo ya faɗo kan gilashi!

Na kai hannu ga makulli, dattijon ya riƙe ni.

"Don Allah bar ta ta ƙarasa sauka, ita ke sauko mana da ruwa."

Wallahi har yanzu ina nan, makulli a aljihunsa.