Sandar Gajere

Gajere ya shiga masana'antar wanki da gashi baƙi ƙirin, yanzu kuwa furfurar ma ta gaji da shi ta zube. Aikinsa ɗaya ne tun farko: bututun tururi. A ɗakin busar da kaya akwai bututai a nannaɗe, tururi ke bi ta cikinsu ya ɗumama iska. Idan ya huce sai ya koma ruwa, ruwan kuwa in ya kwanta a ciki, ɗaki ya yi sanyi, bututu ya riƙa ƙara kamar ana dukansa da guduma. Shi ya sa ake ɗaura wani ɗan ƙarfe a ƙasa, tarkon tururi, ya saki ruwa ya riƙe tururi. Gajere ke ɗaura su, shi ke jan bututun da ke mayar da ruwan cikin babbar tukunyar da ke dafa tururin, da ɗan gangare, don ruwa ba ya hawa tudu saboda kunyar kowa.

Da kunne yake gane lafiyar tarko. Yana da doguwar sandar ƙarfe, ya ɗora bakinta a kan tarkon, gindinta a kunnensa. Mai lafiya yakan yi ƙas, ya yi shiru, ya sake ƙas. Wanda ya lalace huci yake yi ba tsayawa.

To, kunnen ne ya ci amanarsa. Rurin tukunya na shekara da shekaru ya cinye shi. A gida sai matarsa ta aike shi gishiri ya dawo da sabulu, kuma ya rantse ita ce ta koyi magana ƙasa-ƙasa.

Ranar da aka gama sabon ɗakin busarwa, shugaban sashe ya same shi. A hannun Gajere ya koyi riƙe sifana, don haka da ladabi ya zo, sai dai yana ɗaga murya.

"Baba, bar wani ya gwada tarkunan nan. An yi maka wuri a sito, ga kujera, ga fanka."

"Kujera? Ciwon ƙafa na ce maka ina yi?"

"Ba ƙafa ba, Baba. Kunne."

"Ni na ɗaura su, ni zan ji su. Buɗe min tururi."

Aka buɗe, ma'aikata suka zagaye shi. Ya ɗora sanda a kan tarkon farko, ya manna kunne. Shiru. Ya juya ɗaya kunnen, nan ma shiru, kuma ya san shirun ba na tarkon ba ne. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da bututu ya fashe a gefensa.

Sai zuciya ta ɗebe shi. Ya cire sandar daga kunne, ya cije gindinta da haƙoran ciki, ya rufe ido. Ga shi nan, ƙas, a cikin muƙamuƙi har ƙoƙon kai. Ya bi tarkunan ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe na ƙara zafi, leɓensa na tashi, bai saki ba. A na ƙarshe ya tofar da yawu ya ce, "Wannan huci yake, datti ya tokare shi. Ku rufe in kwance."

Ya durƙusa ya kama aiki. Ba wanda ya yi masa tafi. Shugaban ya tsaya a bayansa, ransa a ɓace, don ya ga leɓen.

"Yau haƙori ya ji tarko, Baba. Ranar da za a yi maka ihu ka kauce fa, haƙorin zai ji? Gobe ka koma sito."

Gajere bai juyo ba, sifana kawai yake murzawa.

Washegari ya iso da sandarsa a hammata, leɓe a kumbure, ya wuce ƙofar sito ya shige ɗakin busarwa. Har yau yana can. Ba a samu wanda zai tsaya a gabansa ya maimaita maganar ba.