Ƙarfen da ke Ƙugun Kawu Shaame

Kawuna Shaame maƙeri ne a Wete, wani gari a tsibirinmu, shi ke ƙera wa masu jiragen katako ƙusoshi. Ya san halin teku sarai: duk ƙarfen da ta lasa, ba ya shekara biyu sai ya koma gari a hannu.

Wata kakar kanumfari ya faɗo daga bishiya, ƙugunsa ya karye. Muka haye teku da shi zuwa asibiti a birnin Darussalam. Likitar, wata mai suna Nyamizi, ta ce za a cire kan ƙashin a sa ƙwallon ƙarfe mai juyawa cikin wata roba. Kawu ya ƙi. Ya ce ai ya sha lasar guminsa, jikin mutum gishiri ne zalla, ba zai yarda ya yi tsatsa tun yana da rai ba.

Ta zauna bakin gadonsa, ta ce ya yi gaskiya game da gishirin. Sai dai wannan ƙarfen gauraye ne, yana yi wa kansa wata fata siririya da ido ba ya gani, ko an karce ta sai ta sake rufewa.

"'Yata," in ji shi, "ƙarfe ne ko ƙadangare?"

Matarsa Bi Time ce ta raba gardamar. "Tsoho, wace tsatsa ce ta rage ba ka yi ba? Bari su sa."

Aka sa. Ya koma maƙera, ya aurar da 'ya'ya, yana ratsa ruwa har ƙirji zuwa jirage. Abokansa in sun hango shi sai su tambaya ko a kawo man shafawa.

Ya yi furfura sosai kafin robar da ƙarfen ke juyawa a ciki ta cinye. Aka sake tiyata, aka canja har da ƙwallon. Da ya farfaɗo ya roƙa a nuna masa tsohon ƙwallon. Na ga lokacin da aka ɗora masa a tafin hannu. Sumul, yana walƙiya, har fuskarsa ta fito a jiki. Ya daɗe yana juya shi, yana bin sa da farce, bai sami ko ɗigo ba. Hawaye suka gangaro masa.

"Ashe akwai maƙera a duniya," ya ce a hankali, yana duban likitar. "In kin san wanda ya yi, ki gaishe min da shi."

Bara Allah ya karɓi abinsa. Ƙwallon yana wurin Bi Time, da shi take murƙushe kayan shayi.