Damin Farko

Babana yana da wata jar dawa da ya gada wurin mahaifinsa. Ita yake shukawa a gonarmu ta Mayo Bani tun ban san dama da hagu ba, kuma ba a samunta a kasuwa. Duk kaka yakan zaɓi manyan zangarniyoyi ya rataye da igiya a madafa, hayaƙi ya tsare su, su ne irin baɗi. Amma kafin a zaɓi iri, kafin ma mu ɗanɗana, damin farko da ya shigo gida sai an sussuke shi an raba wa maƙwabta kaf. Ba zakka ba ce, ita daban take fita. Shi godiya yake kiran abin.

Shekarar da mayo, wato kogi, ya cika ya haura gonaki, ina gidan aurena a Lokuwa. Ruwa ya share gonar tas, sai ɗan abin da ke kan tudu. Da kaka ta yi, dami ɗaya aka ɗaure. Shi ne na farko, shi ne na ƙarshe.

Na je gida na tarar da Inna tana sussuka, ta jera kwanuka, ba ta ko ɗaga kai. Nan take na gane. Ni kuwa bakina ba shi da linzami, kowa ya sani. Na sami Baba a zaure na ce don girman Allah a cire ko 'yan zangarniyoyi ne a rataye, tunda na madafa duk an shuka, ruwa ya tafi da su. Ya ce damin farko ba nasa ba ne. Bai taɓa zare ƙwaya daga ciki ba lokacin da rumbu ke cika, ba zai fara ciniki da Ubangiji ba ranar da aka jarraba shi.

Raina ya ɓaci. Na wuce wurin malamin unguwa, ina sa ran ya zo ya yi masa magana. Malam ya ce gaskiyata, wannan rabo ba farilla ba ne, addini bai ce mutum ya kashe irinsa ba. Har na fara murna, sai ya ƙara da cewa mai godiya kuma ba ya taɓewa. To, wanne zan kama? Na fito kaina ya fi ɗaurewa.

Ni ɗin ce dai na kai kwanukan gida-gida, ina tafe ina ƙunƙuni. A wani lungu na tsaya na damƙi cikin hannu zan ƙulle a bakin zane, sai kuma na mayar. Har gobe ban san ko tsoron Allah ne ko tsoron Baba ba, kuma ban san ko na kyauta ba.

Da hadari ya fara haɗuwa, Baba ya sa babbar rigarsa ya bi gidajen da aka kai wa, yana tambaya ko wani ya rage ko da ɗan kaɗan ne. Wa zai rage a shekarar da kowa ke lissafin loma? Ya dawo wajen azahar hannu rabbana, ya zauna gindin mangwaro. Na tambaye shi yadda aka yi.

"Sun ce tuwonta ya yi daɗi," in ji shi. "Alhamdulillahi."

Wallahi kuka ya zo mini, haushi ma ya zo, na rasa wanda zan fara. Na ce, "Baba, godiyar me kuma?"

Ya daɗe yana kallon ƙofar madafa.

"Ni ma ban gane ba, 'yata. Amma in na bari, ban san abin da zan ce ba."

Farar dawa ya sayo a kasuwa ya shuka. Ta yi kyau, ta ma fi jar yawa, mutane suna ta cewa ga sakamakon godiya nan. Wataƙila haka ne, ni dai ban iya yanke hukunci ba. Baba yana raba damin farko kamar kullum, yana cin tuwon yana hamdala. Irin farar a buhu ake ajiye shi. Igiyar nan kuwa tana rataye a madafa ba komai a jikinta, ta yi baƙi ƙirin, ya hana kowa ya kwance.