Bayan da Ya Juya Mini a Tseren Jidda

Mun tashi daga Makka da asuba, ni da yayata, kwana biyu da gama umra. Muna shiga Jidda na hango wani dogon layin fitilu a bakin teku, gari ya waye amma ba a kashe su ba, kamar an zare sarƙar amarya an shimfiɗa a gefen ruwa. Direba ya ce nan ne filin tseren motoci na duniya. Gabana ya faɗi, don can ɗan goggona yake aiki.

Haifaffen Jidda ne, bai taɓa ganin Kano ba. Shekara guda muna hira a waya bai furta komai ba, ni kuwa na riga na gama rubuta littafinmu a zuciyata. Jirginmu washegari zai tashi. In bai yi magana a ranar ba, na yi niyyar rufe littafin.

Goggo ta tare mu a unguwar Nuzla, cikin lungun da mota ɗaya ke shiga da ƙyar, da burodi mai zafi da dafaffen wake da man zaitun. Ɗan nata ya bar mana tikitin kallon tseren guda biyu.

Bayan isha aka fara. Kuɗin ruwan sha a wurin ya sa yayata salati. Motocin ƙanana ne, mutum ɗaya kwance a ciki, ba ka ganinsu sosai, sai dai ka ji su a haƙarƙarinka, ƙasansu na fesa tartsatsi. Iskar teku na kaɗawa, na ji kamar a mafarki nake.

Sai ga ɗan goggon nawa bayan shingen waya, cikin masu ɗaga tuta. Bibbiyu suke tsayawa suna fuskantar juna, ɗaya na kallon inda mota ke fitowa, ɗaya inda ta nufa. Fuskarsa na wajenmu. Muna haɗa ido ya taɓa abokinsa, suka canza wuri, ya ba ni baya.

Raina ya ɓaci. Na zare ƙaramin mayafina ruwan ɗorawa, na matsa jikin waya ina kaɗa masa. Nan take wata ma'aikaciya ta riƙe hannuna tana zuba Larabci. Ashe a wurin nan ƙyalle ruwan ɗorawa alamar haɗari ce, direba na iya hango shi ya taka birki.

A mota, hanyar gida, ya fara da Hausarsa mai karkace.

"Ya bint, ke yarinya, 'yar ƙauye! Kin zo umra ko kin zo kifar da motar mutane?"

"Da ka kalle ni ai da ban yi ba."

"Wallah tun kina hawa benen 'yan kallo na gan ki. In ina kallonki, wa zai kalli mota? Shi ya sa na juya. Halas, shi ke nan, kin ji, kar ki sa in maimaita."

Yayata ta ce, "To ni dai na ji, kuma ina da lambar Baba."

Mun sauka Kano da rana tsaka. Na koyi cewa ba kowane so ne ke zuwa da doguwar wasiƙa ba, wani a cikin faɗa yake fitowa.

Shekara uku ke nan. Ya bar garin da aka haife shi, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Zoo Road. Har yau sai na riƙe masa hannu yake iya tsallaka titin Kano, 'yarmu a kafaɗarsa.